Hasken wata ne ya makantar da Bach?

Tambaya: Malam, ina koyon piyano, kuma idan an ɗauke wuta da fitilar waya nake kwafar rubutun kiɗa. Na ji an ce haka Bach ya yi har ya makance. Kwana biyu idona yana hazo, hankalina ya tashi. Kakata ta ce akwai mai cire yanar ido da ke zuwa kasuwarmu, shi zan gani?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana. Labarin da ka ji na yarintar Bach ne, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, yana maraya a gidan yayansa a garin Ohrdruf. An ce ya yi wata shida yana kwafar wani littafin kiɗa a ɓoye da hasken wata. To, mutumin an haife shi a 1685, bai makance ba sai 1750. Wane irin hasken wata ne zai jira fiye da shekara 50 kafin ya yi ɓarna?

Maganar kakarka ce ta fi damuna. A watan Maris na 1750 wani Bature ɗan Ingila, John Taylor, ya sauka a Leipzig, garin da Bach yake zaune, cikin keken doki da aka zane da hotunan idanu. Mai daɗin baki ne, mai tara jama'a. Aikinsa shi ne ya soka allura ya tura yanar can cikin ido, sannan ya naɗe da tsumma. Ya yi wa Bach sau biyu, aka bi da zubar da jini da maganin wanke ciki. Tsoho ya rasa ganinsa gaba ɗaya, bai ƙara lafiya ba har ya rasu ranar 28 ga Yuli.

Wannan dai shi ne aikin da ake yi a wasu kasuwanninmu har yau, kuma na gaji da jin ana cewa "ai wane ya gani nan take". Eh, yakan ga haske kwana ɗaya ko biyu. Kafin kumburi da ciwo su taso, mai allura ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, kamar yadda Taylor ke bin gari gari. Shi ma Handel, wani mai tsara kiɗa na zamanin Bach, wanda ya rubuta a jikin takardar kiɗansa mai suna Jephtha ranar 13 ga Fabrairu 1751 cewa ya dakata saboda idonsa na hagu, an yi masa irin wannan aiki a 1752, a makance ya rasu a 1759. Su zamaninsu ba su da zaɓi. Kai fa?

A shekarunka ma da wuya a ce yanar ido ce. Je asibitin ido a auna ka, wataƙila tabarau kawai kake buƙata. Kwafar kuma ka mayar da ita bayan sallar asuba, idan gari ya waye.