Na ƙona injin masauyar layin jirgin wasa a shagona, shin biya ya hau kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai gyaran kayan lantarki ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Wani Alhaji ya sayo wa jikokinsa ƙaramin jirgin ƙasa na wasa daga Ingila, irin wanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan katako, da tasha da 'yan gidaje da 'yan mutum-mutumi ƙanana. Masauyan layi guda uku, wato inda layi ke rabewa biyu, sun daina aiki, in jirgi ya zo sai ya tsaya cak ko ya goce. Na duba su a gidansa yana zaune, a nan wani ɗan siririn sifirin ya yi tsalle daga ɗaya ya ɓace. Sauran biyun na cire na tafi da su shago. Wajen gwaji na haɗa ɗaya da makunni irin na fitila, kafin in ankara koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin ɗan injin da ke motsa masauyar, ya ƙone. Wani abokina ɗalibi ya ce kada in damu, wai abin lagawu ne, wato wasan banza, haramun ne tun asali, don haka babu biya a kaina. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambaya ɗaya ka yi, amma ɓarna biyu ce a cikinta, kuma hukuncinsu ya sha bamban saboda wurin da kowacce ta faru.

Sifirin ɗin da ya ɓace a gidan Alhaji, a gaban idonsa, ba ka da lamuninsa matuƙar ba ganganci ka yi ba. Wanda ya yi aiki a gidan mai kaya ko a gabansa amintacce ne. Balle wannan sifirin, ɗan guntun waya ne a lanƙwashe da ke riƙe harsunan masauya, wato 'yan layukan nan biyu masu motsi da ke karkatar da jirgi, a gefe guda, a ɗame yake, da an ɗaga murfinsa yakan tsere wa ƙwararru ma.

Wanda ya ƙone a shagonka kuwa, biyansa yana kanka. A mazhabar Imamu Malik, mai sana'ar da ya buɗe ƙofa ga jama'a, idan ya tafi da kayan mutum inda mai shi ba ya gani, to yana lamunce su, da lada ya yi aikin ko kyauta, kamar yadda yake a Risala. Abin da ke sauke masa nauyi shi ne shaidu su tabbatar kayan sun lalace ba da sa hannunsa ba, ko kuma aikin ya zama mai kasada ne a ɗabi'arsa, kamar huda lu'ulu'u, shi ma da sharaɗin bai kauce wa ƙa'idar sana'a ba. Kai kuwa da bakinka ka faɗi inda ka kauce. Wannan ɗan inji koyil biyu ne da sandan ƙarfe a tsakani, yana zuƙar fiye da amfiya 2 a kan volt 16, kuma an ƙera shi ne ya sha wuta ta ƙiftawar ido, ya fizgi sandan, a yanke. Makunnin fitila kuwa in an danna shi zama yake yi, cikin 'yan daƙiƙu wayar ta gasu, robar ta narke. Wanda bai san haka ba, tambaya ce ta wajaba a kansa kafin ya jona waya. Don haka ko a wurin malaman da ba sa ɗora wa mai sana'a lamuni sai da sakaci, ba ka fita ba.

Abin da za ka biya shi ne ƙimar injin kamar yadda yake ranar da ka karɓe shi, wato kuɗin na hannu mai aiki, ba kuɗin sabo fil ba, kuma ba kuɗin masauyar duka ba idan ƙarfenta da robarta ba su taɓu ba. In Alhaji ya yarda ka nemo masa irinsa, ya isar. In ya yafe, ya yafe. Amma sai ka faɗa masa gaskiya tukuna. Yafiyar da aka samu da cewa "dama a ƙone na tarar da shi" ba ta halatta maka komai. Haka in ka sake naɗa koyil ɗin da hannunka, ka sanar da shi naɗi ne.

Sai maganar abokinka, wadda na ga alamar ta kwanta maka don ta zo daidai da aljihunka. Ka lura, da maganarsa gaskiya ce, ladan aikin ma da ya haramta gare ka, ba biya kaɗai zai faɗi ba. To ba gaskiya ba ce. Madogarar masu wannan ra'ayi hadisin Uƙbatu ɗan Amir ne, cewa duk abin da mutum ke wasa da shi baɗili ne, ban da harbi da baka, da horar da doki, da wasa da iyali. Kalmar baɗili a nan tana nufin abin da babu lada a cikinsa a karan kansa, kuma rashin lada daban, zunubi daban. Imamul Gazali ya yi wannan bayani. Imamul Buhari ma da ya ƙulla babi a kai sai ya sa ƙaidi: wasa yana zama baɗili idan ya shagaltar da mutum daga ɗa'ar Allah. Da ukun nan su kaɗai suka halatta, da Habashawa ba su yi wasan masu a masallaci Annabi (SAW) yana kallo ba, da bai bar ƙaramin yaro Abu Umair da ɗan tsuntsunsa ba, da bai yi dariya ba lokacin da ya ga dokin wasa mai fukafukai cikin 'yan tsanan Nana A'isha. Jirgi da layi da gidaje da itatuwa surar marar rai ce, babu saɓanin kirki a kanta. 'Yan mutum-mutumin kuwa, 'yan ƙanana ne, kayan wasan yara ne da aka yi rangwame a kansu, kuma ba kai ka sassaƙa su ba, ba su aka kawo ka gyara ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da su ba ya kwashe su, jirgi zai ci gaba da tafiya. Babu caca a ciki, babu kiɗa, babu tsiraici. Ga kuma amfani a fili: faɗin wannan ɗan layi milimita 16.5 ne, kwatankwacin kashi ɗaya cikin 87 na milimita 1,435 na layin zamani, irin wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Yaron da ya gane yadda harshen masauya ke karkatar da ƙafar jirgi a kan katako ya fara karatun da ake yi a jami'ar sufuri ta Daura. Dukiya ce mai alfarma, wanda ya lalata ta ya biya.

Tunda sauran aiki yana hannunka, ka kiyaye kada ka ƙara wani lamuni. Kafin ka jona ko da waya ɗaya, ka tura ɗan sandan da ya haɗa harsuna biyu da yatsa. Ya kamata ya koma gefe da ɗan sauti, harshe ya manne da layin gefe ba rata. Idan ya cije, yawanci ƙurar hunturu ce, ko gam, ko ɗan tsakuwar ado ya shiga tsakani, ko an danne ƙusa har robar ta lanƙwashe. Jirgin da ke tsayawa cak kuwa, sau da yawa wuta ce ba ta ratsawa, domin harshen daga jikin layin gefe yake samunta. Ka goge cikin wurin da tsumma da sifirit irin na goge allon waya. Kada ka sa sanfefa, tana karce ƙarfen datti ya ƙara kamawa, kada kuma ka ɗiga baƙin mai. Idan gocewa yake yi a mahaɗar da ke da siffar V, ka auna tazarar bayan ƙafafun jirgin, milimita 14.5 ake so ko kusa da haka, domin wani lokaci laifin na ƙafa ne, masauya lafiyarta lau. Idan ƙarfe ne zalla a wannan mahaɗa, layuka biyun da suka fito daga cikinta sai da mahaɗin roba, in ba haka ba wuta za ta haɗu.

Shi injin, wayoyi uku gare shi, ɗaya ta tarayya. Ka auna koyil biyun da mita, karatunsu ya zo kusan ɗaya. Ka tabbata ɗan fil ɗinsa ya shiga ramin sandan da ya haɗa harsuna a miƙe, yana tafiya ba ya gugar katako. Makunni sai irin mai komowa da kansa da zarar an saki. Mafi aminci ka sa na'urar kafasita, wato mai tara wuta, a tsakani, mai maikurofarad 2200 ko sama, tana sakin wuta bugu ɗaya mai ƙarfi sannan ta rage, ko yaro ya danne makunni koyil ba zai ƙone ba. Wannan ƙarin kuɗi ne, sai da izinin mai kaya. Ka kuma karanta jikin taransfoma: kayan Ingila sun dace da wutarmu ta volt 230, na Amurka kuwa 120 suke ɗauka.

Ban ji ka ambaci lada ba, ina zaton "a ba ni abin da ya sauƙaƙa" kuka yi. Ku yanke shi a fili kafin ka ci gaba, in kuma an riga an gama aiki ba a yanke ba, ladan da ake ba irinka a kan irin wannan aiki shi ne haƙƙinka. Nan gaba, abin da ba ka taɓa buɗe irinsa ba ka gaya wa mai shi tun farko, ka gwada shi a gabansa kafin ka karɓa, ku biyu ku san halin da ya zo. Rubuta "ba ruwanmu da abin da ya lalace" a ƙofar shago ba ya sauke lamuni a mashahurin zancen mazhaba. Sifirin da ya ɓace kuma, in ka samo wani ka sa masa kyautatawa ce daga gare ka, kuma ka yi aikin cikin farar leda don kada na biyu ya bi na farko.

Wallahu a'alam.