Sulen zinare mai shekarar 1947: tarihi ake sayar maka ko zinare?

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce a tafiyarsa ta Dubai an nuna masa wani babban sulen zinare na ƙasar Meziko, an rubuta 50 pesos da shekarar 1947 a jikinsa. Mai shagon ya ce tsohon kaya ne na tarihi, don haka farashinsa ya ɗara na zinaren da ke ciki sosai. Alhaji yana so ya adana wani kaso na ribarsa saboda faɗuwar naira. Ya saya ko ya bari?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sulen da ka gani sunansa Centenario, kuma kaya ne mai kyau. An fara buga shi a 1921, lokacin da Meziko ta cika shekara 100 da samun 'yanci. Amma maganar tsufa kada ta ruɗe ka. Daga 1949 zuwa 1972 gidan buga kuɗin ƙasar ya ci gaba da fitar da shi, kusan guda miliyan 4, duk da rubutun 1947 ɗin nan. Ka tuna liyari, azurfar nan mai kan mace da kakanninmu ke ratayawa a wuya? Kowanne ka juya 1780 za ka gani, alhali an daɗe ana buga shi bayan wannan shekara. To haka wannan yake. Haka ma sulen 100 corona na Ostiriya mai shekarar 1915.

Saboda haka zinare za ka saya, ka yi ciniki a kan zinare. Centenario a sikeli giram 41.67 ne, amma kashi 90 cikin ɗari ne zinare, saura jan ƙarfe da aka haɗa don ya yi ƙwari. Tsantsar zinaren giram 37.5 ne, an ma rubuta hakan a jikinsa. Ka duba farashin giram na karat 24, wato tsantsar zinare, a ranar, ka ninka sau 37.5. Abin da ya hau kan wannan shi ne ribar mai shago. Ƙari kaɗan daidai ne, kowa da abincinsa. In ya yi nisa, ka yi sallama ka leƙa shago na gaba.

Za su iya ba ka labarin sulen dala 20 na Amurka na 1933 da aka yi gwanjonsa dala miliyan 18.9 a 2021. Gaskiya ne, amma shi kaɗai ne irinsa da doka ta yarda mutum ya mallaka. Wannan kasuwar masu tara kayan tarihi ce, tana da nata ilimi, ba ta ɗan kasuwa mai neman ajiya ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar sayarwa. Ka ɗauka kaya sun iso, kana buƙatar kuɗin fito cikin gaggawa, ka kai sulen wurin 'yan gwal a Kano. Mutumin zai ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Bai damu da 1947 ba. Shi karat 18 ya sani, da 21, da 22, da 24. Naka karat 21.6 ne, kuma da wuya bai saka maka kuɗin 21 ba. Ga shi ƙato: ba ka iya gutsure rubu'i ka sayar, sai dai ka rabu da shi gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin ka haɗa da ƙanana, irin fam ɗin zinare na Ingila mai giram 7.98, karat 22, wanda aka fi sani. Tun kafin ka tafi, ka tambayi masu saye biyu ko uku a gida nawa za su karɓi babban.

Jabu kuma akwai shi. Faɗin Centenario milimita 37 ne. A auna nauyi da faɗi da kauri a gabanka, a sa shi a na'urar gwaji, a ba ka rasit mai nauyi da karat. Ka bayyana shi ga kwastam. Kada ka goge shi, kada Hajiya ta sa a huda shi a yi sarƙa.

Cinikin zinare hannu da hannu ne a shari'a, ban da bashi. Zakka ma tana nan: nisabi kusan giram 85 ne, Centenario guda uku sun kai giram 112.5, kuma ko biyu ne za a haɗa su da kuɗinka da kayan shago a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari duk shekara. Zinare ba ya haihuwa a akwati, farashinsa ma yakan sauka a dala. Jarin da ke juya atamfa ka bar shi yana juyawa. Rarar da ba za ka nema ba nan da shekara uku ko biyar, ita za ka kai Dubai.