Abin da ke ƙona rediyon oba-oba a babbar mota

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa rediyon oba-oba na tirelar da aka kawo maka ya ƙone karo na biyu, alhali fis bai tsinke ba, kuma mitarka tana nuna wuta daidai. Da farko ban yi niyyar amsawa ba, domin ku yaran yanzu kun fi son a ɗora muku amsa a tafin hannu, amma tambayar ta fama mini wani tsohon miki.

Fis yana tsare yawan wutar da ake ja ne, ba ruwansa da hauhawar ƙarfinta. Babbar mota tana aiki da bolt 24, idan inji yana tafiya altaneta mai cajin batir kan kai ta wajen 28, shi kuwa rediyo 13.8 yake bukata, saboda haka rayuwarsa tana hannun kwanbatar da ke rage masa wuta.

Shekarun baya wani mai motocin dakon kaya ya ba ni aikin sanya rediyo a motoci shida. Na ce ya sayi kwanbata ta kirki, ya ce na cika tsawwalawa, ya kawo nasa masu araha. Na buɗe ɗaya a gabansa, na nuna masa babu komai na kariya a ciki, kuma irinta idan transisto ya mutu ya haɗe, wutar motar gaba ɗaya take zarcewa cikin rediyo. Ya ce in sa haka nan, na sa, ba tare da shaida ba. Ba a yi wata biyu ba direba ya dawo da rediyo yana ƙauri. Da na taɓa kan batir sai ya juya a hannuna, ga farin gari ya cinye shi. Batir shi ke shanye wutar altaneta, to idan kan ya ɗaga a gargada alhali ana caji, wutar kan yi tsalle ta haura bolt 100 cikin ƙasa da daƙiƙa guda, kuma mitar hannu ba ta kama wannan. Mota ta biyu kuwa walda aka yi a jikinta ba a cire batir ba. Mutumin nan ya rantse haɗin wayata ne, ya riƙe cikon kuɗin aikin motoci shidan, ya kuma bi direbobi yana ɓata mini suna. Har yau ban yafe ba.

Saboda haka ka bar rediyon tukuna, ka girgiza kawunan batir da wayar da ta tafi jikin shasi. Ka sa a taka totur kana auna wutar batir, idan ta doshi bolt 30 regileta mai daidaita wutar altaneta ta lalace. Ka auna abin da kwanbata ke fitarwa yayin da ake danna maɓallin magana, sannan ka sa dayod mai shanye tsallen wuta tsakanin fis da kwanbata. Kada in ji ka ja bolt 12 daga ɗaya cikin batir biyun motar, domin ɗayan zai riƙa ƙoshi fiye da kima shi kuwa yana yunwa, su mutu tare. Zancen kaurin waya da narka dalma ba zan ɓata bakina a kai ba. Ka dai gaya wa direban ya kashe rediyo kafin ya tayar da inji ko a jona masa wani batir, kuma ka faɗa masa a gaban mai motar.