Me ya sa Jefferson ya fifita manomi?

Ka tambayi dalilin da ya sa wasu magabatan Amurka suka ɗauki manomi a matsayin ginshiƙin jamhuriya. Hujjar Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ita ce, mutumin da ya mallaki gonarsa yake ci da guminsa ba ya shakkar ubangida ko mai binsa bashi, saboda haka da wuya a sayi ƙuri'arsa. Alexander Hamilton kuwa, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya fi son masana'antu da bankin ƙasa, wanda aka kafa a 1791 duk da adawar Jefferson. Neman fili ga manoma na cikin dalilan sayen yankin Luwiziyana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15.

Kada ka ɗauka jam'iyyar Jefferson, wadda ita ma ake kira Republican, ita ce Republican ta yau, wadda aka kafa a 1854. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa cewa Jefferson ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa, filayen da aka nema wa manoma kuma daga hannun 'yan asalin ƙasar aka ƙwace su. Idan binciken jami'a kake yi, ka nemi malamin tarihin Amurka ya taimaka maka wajen fahimtar wasiƙun mutanen biyu.