Yaya ake tare zafi a bar wutar lantarki ta wuce?

Tambaya: Malam, na karanta cewa akwai kayan da ke mai da zafi wutar lantarki kai tsaye, kuma wai ana niƙe su su koma ƙwayoyi mitsi-mitsi don kada zafi ya riƙa ratsa su. Abin ya ɗaure mini kai. Duk abin da na sani yana kai lantarki, kamar jan ƙarfe, yana kai zafi. Ta yaya za a tare ɗaya a bar ɗaya?

Amsa: Ka taɓo inda gizo ke saƙar. Tun 1821 Thomas Seebeck na Jamus ya gano cewa idan gefe ɗaya na wasu kayan ya ɗau zafi, ɗayan kuma yana da sanyi, ƙarfin lantarki na tasowa a tsakaninsu. Sharaɗin shi ne bambancin ya ɗore. Da zarar zafi ya kwarara ya daidaita gefen biyu, shi ke nan, aiki ya tsaya. Shi ya sa ake neman abin da lantarki ke bi a sawwaƙe amma zafi ke shan wuya a cikinsa. Ana auna nagartar irin wannan kaya da wata lamba, ZT, wadda ke hawa idan kai zafi ya ragu. Tun shekarun 1950 wani haɗin sinadarai mai suna bismut telurayid ke kan gaba a zafin ɗaki, da ZT wajen 1, kuma an daɗe ba a wuce nan ba.

Gaskiyarka game da jan ƙarfe. A ƙarafa, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira ilektoron, su ne ke ɗauke da mafi yawan zafin, ka taɓa wannan ka taɓa wancan. Amma a kaya irin su silikon akwai ɗan dako na biyu. Ƙwayoyin zarra suna jere reras, kowace riƙe da maƙwabciyarta, idan ɗaya ta girgiza sai girgizar ta bi layi ta wuce gaba. Wannan girgiza mai tafiya ita ake kira fonon, zafi kawai take kaiwa, babu ruwanta da lantarki. Ita ake hari.

Dabarar tana cikin nisan da kowanne ke yi kafin ya ci karo da wani abu. A yawancin waɗannan kaya, ilektoron kan yi 'yan nanomitoci ko 'yan gomomi ne ya yi karo, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Fonon da yawa suna zarce haka nesa. A silikon wasunsu kan wuce nanomita 1,000 ba abin da ya tare su. To idan aka cika kayan da iyakoki, kowace 'yar tazara akwai shinge, mai doguwar tafiya ne zai yi ta cin karo yana warwatsewa, shi kuwa ilektoron da ma ya saba da gajeren zango, bai cika jin bambancin ba. Kamar rariya ce da ke barin yashi ta tare tsakuwa, sai dai a nan nisan tafiya ake tacewa, ba girman jiki ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na silikon. Dunƙulensa yana kai zafi sosai, wajen wat 150 a mita a digiri, don haka ZT ɗinsa bai wuce 0.01 ba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka yi siraran wayoyin silikon masu kaurin kusan nanomita 50, jikinsu kaushi-kaushi. Kai zafin ya faɗi kusan ninki 100, ZT ya kai wajen 0.6. Sinadarin bai canza ba ko kaɗan, siffa kawai aka sauya.

A shekarar dai, masu bincike a Kwalejin Boston da jami'ar fasaha ta MIT a Amurka suka bi hanya mai sauƙi, wadda ina jin ita ka karanta. Suka zuba bismut antimoni telurayid a injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe har ya zama gari, sannan suka matse shi da zafi ya koma dunƙule cike da ƙananan ƙwayoyi. ZT ya kai 1.4 a kusan digiri 100 na Salshiyas. A 2012 kuma ayarin Mercouri Kanatzidis a Jami'ar Northwestern ya lura cewa fonon ba tsawonsu ɗaya ba, sai ya kafa shinge hawa uku a cikin dalma telurayid: baƙin ƙwayoyin zarra don gajeru, ɗigo-ɗigon nano don matsakaita, iyakokin manyan ƙwayoyi don dogaye. Suka samu ZT 2.2 a kelbin 915, wato kusan digiri 640 na Salshiyas.

Sai dai kada a ɗauka ƙanƙantawa kullum riba ce. Idan iyakoki suka yi yawa, ilektoron ma sai ya fara tuntuɓe, a yi ba a yi ba. Akwai kuma ƙasan da kai zafi ba ya sauka ƙarƙashinsa, kusan irin na gilashi. Babbar matsalar a ganina ita ce ɗorewa: kayan nan cikin zafi suke aiki, zafi kuma yana sa ƙananan ƙwayoyi su haɗe su girma, shingayen da aka sha wahalar kafawa su ɓace a hankali. Kumbon Voyager da aka harba sararin samaniya a 1977 har yanzu yana samun wuta daga haɗin silikon da jamaniyom da ke shan zafin fulutoniyom, wani makamashin nukiliya. Kayan nano da ke son shiga irin wannan aiki sai sun nuna cewa ƙwayoyinsu za su zauna yadda aka yi su tsawon shekaru masu yawa, shi ya sa yanzu ake cusa wasu ɗigo-ɗigo masu jure zafi a kan iyakokin don su hana su motsi.