Amsar Gwaggo daga Manchesta kan Kirsimeti da Ista

'Yata, saƙonki ya iso, kuma tambayoyin da kika jero ba irin waɗanda ake amsawa a tsaitsaye a waya ba ne, shi ya sa na zauna na rubuta. Na sa amsar inda wasu ma za su gani, don ba ke kaɗai ba ce a Katsina ke yi mana wannan tambaya: wai mu Masihiyawan da muka yi kaka-gida a Ingila, me muke samu a Kirsimeti da Ista, tunda an ce Turawan kansu sun watsar da addinin, saura fitilu da saye-saye?

Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya duka ba. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne, kuma karo na farko ke nan da suka gaza rabi. Akwai tsofaffin majami'u da aka mayar gidajen haya, wasu an mayar da su masallatai. Tun watan Oktoba kantuna ke fara ado, mutane su ci bashin da za su kai Maris suna biya. Amma ni a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi na koyi Kirsimeti, da Hausa, daga Littafi Mai Tsarkin da aka gama fassarawa tun 1932. Da abata na zo ƙasar nan, ba a kantinsu na saya ba.

Bari in fara da su wa nake nufi in na ce "mu". Hausawa Kirista a nan ba mu da yawa. Cocin 'yan Najeriya da suka cika Landan da Manchesta yawanci na Yarabawa ne da Ibo. Sai muka haɗu da 'yan Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa da Borno, Birom da Bajju da Tangale da Babur. A gida kowa da yarensa da cocinsa, wannan ECWA, wancan COCIN, wani EYN, wani Katolika, amma a nan Hausa ce ta ɗaure mu wuri ɗaya. Ran Lahadi da safe kowa ya tafi cocin unguwarsa, sai sau ɗaya a wata da yamma mu karɓi hayar zauren wata majami'a mu yi sujada da Hausa, da ganga da caki. Zumuntar Mata ce ke riƙe da ragamar abin, kamar dai a gida. Maza su zauna su yi ta shawara, mu kuwa mu tara kuɗin, mu dafa, mu san wanda ba shi da lafiya.

Kirsimetin gida kin san ta, ko da yake gidan babanki na Musulmi ne, don kin sha cin shinkafar kakarki. Tana zuwa ne bayan kaka, dawa ta shiga rumbu, an sayar da auduga, an yi watandar sa, tela ya kwana yana ɗinki, yara suna yawo gida-gida cikin hazon hunturu, kwanon abinci yana ƙetare katanga zuwa maƙwabta. Ta nan kuwa cikin duhu take zuwa. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Manchesta sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Ranar 25 ga wata jirgin ƙasa ba ya tafiya, manyan kantuna doka ce ta rufe su, titi tsit, kowa ya kulle ƙofa da iyalinsa. Bature ba ya yawon barka da sallah. Ga baƙon da ba shi da kowa, babu ranar da ta kai wannan wuya a shekara, kuma ba baƙo kaɗai ba. A asibitin da nake aikin jinya na sha ganin tsoho ɗan ƙasa ya wuni yana kallon ƙofa, babu wanda ya leƙo.

Saboda haka dokarmu ta farko ita ce ba a barin kowa ya ci Kirsimeti shi kaɗai. Tun farkon wata muke rubuta sunayen ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi da suka zo babu iyali, mu rarraba su gidaje, masu mota su bi su ɗauko su tunda babu abin hawa. Watanda ma muna yi, sai dai a shagon naman halal na 'yan Pakistan muke yanka, don 'yan'uwanmu Hausawa Musulmi na nan suna zuwa su ci tare da mu, mu ma ran Sallah muna gidajensu. A wurin aiki haka muke musaya: abokiyar aikina Musulma ta karɓi dutin Kirsimeti, ni in karɓi na ranar Idi. Abin da ake ta taron ƙara wa juna sani a kansa a gida, a nan larura ce ta koya mana shi babu ko kujerar taro.

To amma abinci ba shi ne ta'aziyyar ba. Ta'aziyyar tana cikin labarin da ake karantawa. Bisharar Luka ta ce an haifi Yesu a hanya, a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi don babu wuri a masauki. Bisharar Matta ta ce da dare Yusufu ya ɗauki jaririn da uwarsa suka gudu Masar saboda Sarki Hirudus. Ke ma kin san labarin haihuwarsa a Suratu Maryam, kuma kin san inda muka rabu: ku Annabi ne a wurinku, mu kuwa muna kiransa Immanuwel, wato Allah tare da mu. Ina yarinya ina jin wannan karatu a matsayin labarin jariri da makiyaya. Sai da na zauna a zaure ɗaya da mutanen da takardar zamansu ta kusa ƙarewa, da matar da ta bar 'ya'yanta wurin kishiya ta zo wanke tsofaffin wasu, sannan na ji shi da wani kunne. Wanda muke bauta wa ya san neman masauki a hana shi, ya san ƙetare iyaka da dare. Akwai masu wa'azin da ke cika wa mutane kunne cewa bana-bana takardar kowa za ta fito in ya ba da baiko mai kauri. Ni ba na tare da su. Labarin bai yi alkawarin biza ba, abin da ya ce shi ne ba a bar ka kai kaɗai a baƙuncin ba.

Kuma hankalinmu a wannan lokaci rabi yana gida. A Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, dare-dare muka riƙa haɗuwa ta Zoom muna addu'a, babu wanda ya tambayi addinin yaran, har aka sako su mako guda kafin Kirsimeti. A Disambar 2023 kuma, da aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop na farko na sabuwar diyosis ta Katolika a Katsina, har mu da ba Katolika ba mun yi guɗa a falo. Baikon Kirsimetinmu yawanci can yake komawa, wurin waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu.

Yanzu ga abin da zai ba ki mamaki. Duk hayaniyar Kirsimeti, Ista ce ta fi riƙe mu. Ga yawancin Turawa hutun kwana huɗu ce kawai da ƙwan cakulan na yara. Kin tambaya me ya sa ranarta ke yawo: ana bin wata ne, Lahadin farko bayan cikar farin watan da ta faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa take faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta faɗo 31 ga Maris, kuna tsakiyar azumin Ramadan. Katolika da Angalika suna yin azumin kwana arba'in kafin ta, daga Larabar Toka. Mu 'yan ECWA ba mu cika yi ba, sai wanda ya so. A nan ma mun rabu da ku rabuwa babba, don Alƙur'ani ya ce ba a kashe Yesu ba, ba a gicciye shi ba, mu kuwa dukan begenmu ya rataya ne a kan cewa ya mutu ran Jumma'a, aka sa shi a kabari, ya tashi ran Lahadi. Ba gardama na kawo miki ba. Kin ce in gaya miki abin da ke zuciyarmu ne.

Abin da mazaunin waje ya fi tsoro shi ne wayar da ke shigowa daga gida a lokacin da ba a saba ba. A ƙasarmu ba a ajiye gawa. Kafin ka sami tikiti an dawo daga maƙabarta. Kin tuna rasuwar Inna a bazarar 2020, filayen jirgin sama a rufe, majami'u a nan a rufe tun Maris. Babanki ne ya tsaya tare da dattawan ikkilisiya aka rufe ta, ni kuwa a waya na ji ƙarar ƙasa. Istar waccan shekara, 12 ga Afrilu, kowa a ɗakinsa ya yi ta. Kusan duk wanda ke zaurenmu yana da irin wannan labari, uwa ko uba ko ɗa da bai ga fuskarsa ta ƙarshe ba, kuma irin wannan makoki ba ya ƙarewa da wuri don ido bai gani ba.

In aka yi wa ɗayanmu rasuwa a gida, muna yi masa zaman makoki a nan kamar gawar a gidansa take. A cika falo, a zauna a ƙasa, a kawo kunu da ƙosai, a tara gudummawa a aika. Amma Makon Ista ne muke haɗa duka mu kai gaban Allah. Ran Jumma'a Mai Kyau babu ganga, babu ado. A karanta labarin gicciye daga farko har ƙarshe, a ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa don tuna mutuwarsa, sannan a kira sunayen waɗanda suka riga mu a wannan shekara, ɗaya bayan ɗaya, da garuruwansu: Kafur, Funtuwa, Zonkwa, Biliri, Garkida. Ana kuka, kuma babu mai cewa ka yi shiru, don Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi shi irin na marasa bege. Ran Lahadi kuwa tun asuba mata ke fita, saboda mata ne suka fara isa kabarin suka tarar babu kowa, Maryamu Magadaliya a gaba. A gida da waƙa muke zaga gari. A nan in kika yi haka maƙwabci zai kira 'yan sanda, sai mu haɗu a wani fili da rigunan sanyi a kan zanen zumunta, mu yi waƙar a hankali. Can ake karanta faɗar Yesu ga Marta, 'yar'uwar Li'azaru: "Ni ne tashin matattu, ni ne kuma rai."

Wani dattijo a cikinmu, manomi ne kafin 'ya'yansa su ɗauko shi, yakan ce shi bai ga abin wuya a wannan koyarwa ba. A ƙasar Katsina Ista tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙamas, rumbu ya fara sauka, amma manomi ya ɗebi geron da zai iya ci ya je ya yi binne, tun ba a ga ko hadari ba. Wanda bai san damina ba zai ce ya yi asara. Yesu ma da ƙwayar alkama ya yi misalin mutuwarsa, a Yohana sura 12.

Litinin ɗin Ista muna fita "Galili" kamar yadda ake yi a gida, wato mu tafi wurin shaƙatawa da kuloli, yara su yi ƙwallo. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris agogon nan yake daidaita da na Najeriya, rana ta fara tsawo, itatuwa su fara toho, sai ki ga fuskar kowa ta saki. Yaran da aka haifa a nan su ne damuwata. Hausarsu ta gaisuwa ce da sunayen abinci, Kirsimeti ta fi burge su saboda kyauta, kuma in ana kiran sunayen mamata ran Jumma'a ba su san ko ɗaya daga garuruwan ba. Muna sa su haddace aya da Hausa su karanta a gaban jama'a, muna dariyar lafazinsu, amma ban yarda cewa jikokinmu za su riƙe zauren nan ba.

Tambayarki ta ƙarshe, wadda na san babanki ne ya sa ki yi, ita ce inda za a rufe ni. Muna da asusu da kowa ke zubawa duk wata don irin wannan rana. Yawancin Turawa ƙona gawa suke yi, mu kuwa babu wanda ya yarda da wannan a cikinmu. Jana'iza a nan takan ɗauki makonni kafin a gama takardu, kai gawa gida kuma kuɗi ne masu yawa. Dattawanmu sun kasu biyu: wasu sun bar wasiyya a mayar da su kusa da iyayensu ko nawa za a kashe, wasu sun ce ƙasa duk ta Allah ce. Da ina cikin na farko. Yanzu na koma na biyu, don wanda zai tashe ni ya san hanyar Manchesta kamar yadda ya san ta Malumfashi, kuma 'ya'yana a nan suke, su ne za su riƙa zuwa share kabarin. Kuɗin jirgin gara a biya wa marayun ƙanenmu makaranta. Ki gaya wa Yaya haka a hankali, bayan ya ci abinci, kuma ki ce masa zan kira shi ran Jumma'a in ya sauko daga masallaci.