Fijo 504 tana mutuwa idan ta ɗau zafi: kwayil ne ko distributa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, mai kafireta da kontak. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na yi tafiyar rabin awa sai ta fara fizga, ta mutu, kuma ba ta tashi sai ta huce. Na canza kwayil har sau biyu, yanzu jiƙaƙƙen tsumma nake naɗa masa. Makanikena ya ce sai an sayi distributa sukutum. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Motar da ta cinye kwayil biyu, akwai abin da ke kashe su, kuma in ba a gano shi ba na ukun ma hanyarsu zai bi.

Abu na farko, a tabbatar wuta ce matsalar ba mai ba, domin famfon mai da ya gaji, ko fetur da ya tafasa a cikin bututu, haka suke kashe mota da zafi. Gwajin kuwa sai a daidai lokacin da ta mutu, ba bayan ta huce ba, kuma nan ne yawanci ake ɓata: kafin a kai ta gareji ta warke, kowa ya kama hasashe. Da ta tsaya, ka zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, mai haɓaka wutar batir, ta shiga tsakiyar murfin distributa, mai raba wutar ga fulogai, ka riƙe ta da filaya mai roba a hannu, bakinta ya yi kusan milimita 6 da jikin inji, nesa da kafireta, wani ya murza makulli. Kada ka riƙe da tsirara hannu, wutar tana haura bolt 15,000. In ka ga shuɗiyar wuta tana tsalle tana ƙas-ƙas, kwayil da kontak (ɗan makunnin cikin distributa da ke buɗewa da rufewa) ba su da laifi, ka koma kan murfi da rotar da ke juyawa a ƙarƙashinsa, ko kan mai. In wutar ja-ja ce mai rauni, ko babu ita sam, to ga inda za a duba.

Kwayil ɗin tsofaffin motoci iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar bolt 12 kai tsaye, wanda in aka ɗora mita tsakanin ƙananan ƙusoshinsa biyu yake nuna kusan om 3. Akwai kuma mai nuna kusan om 1.5, wanda dole sai da rizisto a gabansa, wani farin tangaran ɗan dogo da ke rage masa wuta. A ido duk ɗaya suke, mai shago ma sau da yawa ba ya bambancewa. In aka ɗaura na biyun babu rizisto, ko ɗan riwaya, mai gyaran wutar mota, ya tsallake shi da waya, wutar da ke ratsa shi sai ta kusan ninkuwa. Da sanyi zai yi aiki kamar ba gobe, bayan rabin awa hannu ba zai taɓu a jikinsa ba. Kwayil na mota mai distributar lantarki marar kontak, in aka sa wa mai kontak, ya fi wannan muni. Zargina ya fi ƙarfi a nan, kuma shi ya sa tsumman naka yake ɗan taimakawa. A auna cajin ma: in ya wuce bolt 14.5, yana dafa kwayil. Haka barin makulli a buɗe alhali inji yana a kashe.

Sai kondensa, ɗan ƙaramin gwangwanin da ke jikin distributa. Arha ne, amma in ya fara mutuwa da zafi alamarsa ɗaya da ta kwayil. Buɗe kontak ka dubi fuskokinsa biyu. In ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsini, ko sun ƙone sun yi shuɗi-shuɗi, a canza kontak da kondensa tare. Goga samfefa na kai ka gida ne kawai. Tazarar kontak milimita 0.4 ce, a lokacin da ƙafarsa take kan tudun sandar distributa. Ƙafar tana cinyewa, tazarar ta riƙa tsukewa, kontak ya daɗe a rufe, kwayil ya ƙara zafi, taimin kuma, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ya ja baya. Ɗigon giris a kan tudun yana rage wannan. Duk sanda aka taɓa tazara, a sake saita taimin.

Murfi ba ya cin lokaci. Haska cikinsa ka nemi tsaga ko siririn layi baƙi kamar zanen fensir, ka danna ɗan gawayin tsakiya ka ga ko yana dawowa.

Yaushe makanikenka yake da gaskiya? Cire murfi, kama rota, ka girgiza ta gefe da gefe. In sandar tana wasa har kana ganin kontak na buɗewa da rufewa da kansa, bushi ya ci, tazara ba za ta taɓa zama ba komai saitin da aka yi. A nan ne ake sa sabon bushi ko a nemi wata distributar, kuma a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ka yi mata wannan girgizar kafin ka biya. Kafin a zare wayoyin fulogi a sa wa kowace alama, domin jerin wutar injin 1-3-4-2 ne, in biyu suka sauya wuri sai harbi ta kafireta.